Rami Tara da Damina Guda: Yadda Muka Nemo wa Unguwarmu Filin Wasanni

Ranar 11 ga Janairun 2022 ina cikin waɗanda suka cika filin Rumde Ajiya a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a gasar cin kofin Afirka. Ciyawar nan kore shar, kamar an shimfiɗa darduma. Washegari da la'asar ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa, sai na tarar da yaran unguwarmu suna tamaula a tsakiyar hanya, sun ajiye silifa biyu a matsayin raga. Duk babur ɗin da ya kunno kai, sai wani ya sunkuci ƙwallon ya rungume, a jira ya wuce, a ci gaba. Filin da mu muka taso muna wasa a cikinsa an daɗe da yanka shi fuloti-fuloti, shaguna ne yanzu a jere. Abin ya tsaya mini a rai: garin Coton Sport, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, ga 'ya'yansa suna rabon hanya da babura.

Kafin watan ya ƙare mun zauna a zauren limamin unguwa mun kafa kwamiti na mutum bakwai. Akwai Alhaji ɗan kasuwa da ya yi alkawarin ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin, da Hajiya shugabar matan unguwa, da wani tsohon ɗan kokawa, da samari uku, sai ni da aka ba rubutu, tunda takardun hukuma a nan da Faransanci ake yin su. Kowa ya kawo burinsa, ni kuma na zauna na mayar da burin mita-mita. Filin ƙwallo irin na manyan gasa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. In za a zagaye shi da hanyar tsere ta mita 400, sai an sami wuri mai kimanin mita 177 a 93. Ƙwallon hannu na son 40 a 20, na kwando 28 a 15, na raga 18 a 9. Aka haɗa da da'irar kokawa da dambe, da ɗakin canza kaya, da bayi, da wurin salla, da inda 'yan kallo za su tsaya, sai lissafi ya tsaya a hekta uku.

Da wannan takarda muka je gaban Jauro, wato mai unguwarmu. Ya saurare mu, rabi da Hausa rabi da Fillanci kamar yadda muka saba, ya ce akwai wuri uku da zai iya nuna mana, mu je mu duba.

Na farkon yana bakin hanyar Pitowa, ta gefen da ƙasa ke gangarawa zuwa kwarin Binuwai. Cikin watan Maris muka je. Wallahi ban taɓa ganin wuri shimfiɗaɗɗe haka ba. Ba tudu, ba kwari, ba itace ko ɗaya sai wata tsamiya can gefe, iya ganinka sai tushiyar kara. Samarin nan take suka fara auna raga da taku. Alhaji ya ce, "Malam, ai Allah ya gama mana aikin. Layi kawai za a ja." Ni ma haka na gani, har na rubuta a littafina cewa wuri na ɗaya ya yi, ba ya buƙatar gireda. Sauran biyun mun leƙa su ne kawai don kada a ce ba mu je ba.

Akwai wani yaro da na koyar a aji biyar, yanzu injiniya ne, yana aikin hanya a wajen Ngawundare. Ya zo gida cikin azumi, wanda a shekarar ya faɗo a Afrilu, tsakiyar bazara. Na kai shi wurin da ɗoki. Bai kalli faɗin filin ba sam, ƙasa ya yi ta kallo. Ya tsuguna bakin wani tsagu, ya zura hannu har gwiwar hannu, sannan ya tsinci karan dawa ya zira, karan ya shige fiye da kamu biyu.

Ya ce, "Malam, karal ne fa."

Karal ita ce baƙar lakar nan mai tsattsagewa da rani. Na ce na sani, ai ba baƙo ba ne ni.

Ya ce, "To Malam, ka san shi a matsayin gonar masakwa. Ka ba ni mako ɗaya da samari shida da diga, in nuna maka shi a matsayin wurin gini."

Muka haƙa rami uku a kowane fili, tara ke nan, kowanne zurfin mita ɗaya. Zafin Garwa a Afrilu yana haura digiri 40, ga azumi a baki, don haka daga sallar asuba muke fita, kafin hantsi ya ɗaga mun dawo. A karal digar tana komawa kamar ta daki dutse. Da aka samu aka fasa, baƙar laka ce tun daga sama har ƙasan ramin, ba wani launi da ya ratsa. Injiniya ya ɓamɓaro wani curi daga can ƙasa ya juya mini shi. Gefensa sumul yana ƙyalli kamar an goge shi da bayan cokali. Ya ce wannan santsin alamar gugar juna ce: lakar tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, ɓangare yana zamewa a kan ɓangare shekara da shekaru. Ya ɗiga ruwa a tafin hannunsa, ya murza lakar ta zama igiya, ya lanƙwasa ta ta zama zobe, ko tsagewa ba ta yi ba. Ƙasar da ta dace da filin wasa, in ji shi, tun kafin ka haɗa bakin zoben take karyewa.

Sai gwajin kwalba, wanda daga baya har ɗalibaina na koya wa. Ka zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalba mai haske, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Yashi yana kwanciya cikin minti ɗaya, lallausan turɓaya bayan kamar awa biyu, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu yana yawo a cikin ruwan. Kwalbar karal ta kwana biyu a kan tagar ɗakina ruwan bai washe ba, yashin da ya kwanta a gindinta bai kai kaurin yatsa ba.

Gwajin ruwa ne ya kusa yaudarar mu. Mun ɗauko jarkoki a amalanke muka cika wani ƙaramin rami da muka haƙa kusa da babban. Kafin mu juya, ruwan ya ɓace ɓat. Samari suka hau tafi, wai ga ƙasa mai shan ruwa. Injiniya ya ce tsagu ne ya sha, a sake cikawa. Muka sake, muka kuma sakewa, muka tafi gida. Da asubar washegari muka cika shi, ya kafa tsinke a daidai bakin ruwan. Da muka dawo bayan kwana ɗaya cur, ruwan bai sauka ya wuce yatsa biyu ba. Lakar ta jiƙa, ta kumbura, ta toshe duk wata kafa. Abin da ruwan sama na farko ke yi wa filin gaba ɗaya ke nan, duk wanda ya biyo baya kuma zama zai yi a kai.

Ya zana mini sauran a ƙasa da tsinke. Daɓen siminti na filin ƙwallon hannu in an zuba shi a kan karal, ƙasan zai ɗaga shi da damina ya sake shi da rani, cikin 'yan shekaru ya tsattsage. Katanga ma haka, ginshiƙin raga ma sai ya karkace. Da rani kuma tsagun nan tarkon ƙafa ne ga yaro mai gudu. Maganin shi ne a kwashe lakar a cike da marmara. Muka lissafa: hekta uku, zurfin mita ɗaya, mita dubu 30 ke nan na ƙasa a awon tsawo da faɗi da zurfi. Motar da ke ɗaukar goma a sawu za ta yi sawu 3,000 ta fitar, ta yi wasu 3,000 ta kawo. Kuɗin da muke fatan tarawa ko ƙurar wannan ba zai biya ba.

Muna cikin haƙan ne wani dattijo ya riƙa zuwa yana zama gindin tsamiyar yana kallon mu. Rana ta uku na je na gaishe shi. Na ce, "Baba, ko kana da abin da za ka faɗa mana a kan wurin nan?" Ya ce ai da ma jira yake a tambaye shi. Shekara talatin da wani abu yana dasa masakwa a nan, shi da wasu gidaje. Suna dasawa a ƙarshen damina in ruwa ya janye, dawar ta rayu da laimar da laka ta riƙe, su girbe cikin hunturu. Filin da muka gani fayau a Maris, ashe wata ɗaya ko biyu kafin nan hatsin mutane ne a tsaye a kai. Na ji kunya ƙwarai, domin tushiyar karan tana gabana tun ranar farko, ban tambayi ko ta wa ce ba. Sannan ya miƙe ya ɗora hannu a jikin tsamiyar daidai ƙirjinsa. Ya ce nan ruwa ya kai a 2012, shekarar da aka yi ruwa mai yawa har aka buɗe madatsar Lagdo, Binuwai ya yi ambaliya tun daga nan har cikin Najeriya. Ya ce, "Ɗana, ko ba irin wannan shekarar ba, da marka nan wurin tarwaɗa ne."

A zaman kwamiti na gaba an kai ruwa rana. Alhaji yana son bakin hanya, kuma yana da hujja: wuri ne da kowa zai gani, mota za ta shiga ba wahala, masu tallafi in sun zo ba sai an yi ta kwana-kwana da su ba. Ya ce shi bai yarda ramin yara da kwalbar ƙasa su rushe shawarar manya ba. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da zai sa dukiyarsa. Tsohon ɗan kokawar ne ya raba gardamar. Ya ce, "Alhaji, gani ya kori ji. Kada a yanke komai sai Agusta. Kowane fili mu je mu tsaya a kansa ana ruwa." Samarin ba su so ba, don wata huɗu a wurinsu shekara ce. Ni dai yanzu in wani ya tambaye ni shawara ɗaya tak a kan zaɓen fili a ƙasar nan tamu, wannan ce zan ba shi. Ruwan Garwa na shekara, kimanin milimita dubu, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka, kuma Agusta ne ganiyarsa. Wanda ya zaɓi fili da rani rabin filin ya gani.

Wuri na biyu bai ci mana lokaci ba. Jigawa ce a bayan kasuwa, ruwa na shigewa nan da nan, amma ko hekta biyu ba ta cika ba, manyan wayoyin lantarki sun ratsa ta samanta, kuma muna fara haƙa sai ga mutum biyu 'yan gida ɗaya, kowa na cewa gadonsa ne. Muka cike ramukanmu muka ba su haƙuri.

Tsakiyar Agusta aka kwana ana ruwa, da safe na buga wa Alhaji waya. Motarsa ta tsaya a kan kwalta, don ba inda za ta sauka. Wurin da samari suka auna raga da taku ya zama tafki, balbelu sun yi fari a gefe, yara biyu suna tsaye ruwa iya gwiwarsu da homa. Alhaji ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya taka ya shiga taku biyar. Da ya ɗago ƙafa, laka ta riƙe ta har sai da wani saurayi ya kama masa hannu. Ya fito ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Malam, rufe wannan shafin. Mu je na ukun."

Na ukun shi ne wanda ba wanda ya so. Yana bayan unguwa ta arewa, inda kake hango dutsen Tingilin sosai, tafiyar minti ashirin a ƙafa daga masallacin Juma'a. Fako ne mai tsakuwa, ga aduwa da bagaruwa, ga suri nan da can, ga gangara da ido ma yana gani. Amma ramukansa tun a Afrilu sun yi magana mai daɗi: taƙi ɗaya na ƙasa mai yashi a sama, sai jar marmara, sai dutse mai laushi can wajen ƙasan ramin. Igiyar da Injiniya ya murza da ƙasarsa ta karye tun ba ta kai tsawon yatsa ba, ruwan gwaji kuma yana sauka kamar yatsa biyu a awa ɗaya, ko bayan an jiƙa ramin ya kwana. A safiyar nan ta Agusta muka ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, takalmanmu ba su ɗauki taɓo ba.

Aibinsa ma a ranar muka gan shi. Ruwan da ya sauko daga tudu ya bar sawunsa, layi-layi na yashi da ciyawar da ta kwanta duk ta fuskanci yamma, suka haɗu suka faɗa wani ɗan kwazazzabo da ke cin gefen filin. Na bi sawun da takarda ina zanawa. Wannan zanen da na yi a jiƙe ya fi duk abin da na rubuta amfani daga baya, domin da rani ba za ka ga ko ɗaya daga cikin layukan nan ba.

Gangarar kuwa da tiyo muka auna ta, irin farin nan mai haske da magina ke ɗaukar lebur da shi. Mita goma sha biyu muka saya, muka cika da ruwa, muka fitar da kumfa. Mutum biyu kowa da sanda mai alamar santimita, tsakaninsu mita goma. Ruwa a bakin tiyo biyu kullum daidai yake tsayawa, don haka bambancin abin da sandunan suka nuna shi ne gangarar. Muka bi filin turke bayan turke, kwana biyu. Daga gabas zuwa yamma ƙasa tana sauka kimanin santimita 25 a kowace mita goma. Daga arewa zuwa kudu kuwa kusan a kwance take. Nan Allah ya taimake mu, domin da ma filin ƙwallo ana son tsawonsa ya bi arewa da kudu. Mu da la'asar muke wasa, in raga ta kalli yamma, mai tsaron gida rana zai yi ta kallo maimakon ƙwallo. To tsawon ya faɗa inda ƙasa ke kwance, faɗin mita 68 ne zai sha gangarar, wato kusan mita ɗaya da santimita 70. Injiniya, da muke aika wa lambobin ta WhatsApp, ya ce kada mu kuskura mu nemi a mayar da shi lebur kamar faranti. A bar masa gangarar santimita ɗaya a kowace mita don ruwa ya sami hanyar fita. Za a yanke kamar rabin mita a gefen gabas a zuba a gefen yamma, a daddanne da rola, abin da bai wuce mita dubu da 'yan kai na ƙasa ba, kuma ba sai an sayo ta daga wani wuri ba. A tona lambatu ta gefen tudu ya tare ruwa kafin ya hau filin, a jera duwatsu a bakin kwazazzabon, a dasa jema a jikin cikon don saiwarta ta riƙe ƙasa. Ya kuma gargaɗe mu cewa ramukanmu na zaɓen wuri ne kawai. Ranar da za a zuba harsashin gini, sai an kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji irin na LABOGENIE, hukumar gwamnati mai gwajin ƙasa da kayan gini.

Darasin dattijon masakwa bai bar ni ba, don haka wannan karon na ce sai mun san duk wanda ƙafarsa ke taka wurin kafin mu buga turke na dindindin. Mako biyu ina zuwa da sassafe da kuma yamma, ina zama gindin wata aduwa. Ranar farko na ga garken shanu ya ratsa ta gefen gabas. Burtali ne, tsoho, ba alamar komai a kansa sai kashin shanu da ƙasar da kofato ya niƙe. Muka je wurin Arɗo da goro. Ya ce hanyar mashaya ce tun kakanni, in an toshe ta shanu cikin gonaki za su bi, rigima ke nan da manoma. Muka bar masa ita yadda take, muka ja iyakarmu baya.

Abu na biyu wata tsohuwa mai tsintar itace ce ta nuna mini. Ta ga turakunmu a kusurwar arewa, ta ajiye ɗaurinta ta ce, "Ɗan nan, a kan mutane za ku yi ƙwallon?" Na ce, "Inna, waɗanne mutane?" Ta kai ni wani wuri da duwatsu suka ɗan taru, ciyawa ta rufe su. In ba an faɗa maka ba, tarin tsakuwa za ka ce. Da na tsuguna na share ciyawar da hannu, sai na ga duwatsun a jere suke, kwance-kwance, duk sun bi tsari ɗaya yadda muke kwantar da mamatanmu su fuskanci alƙibla. Ta ce wani ƙaramin ƙauye ne ya taɓa zama a nan kafin su tashi, kakarta tana cikinsu. Jikina ya yi sanyi. Liman da Jauro suka zo suka gani, aka yi addu'a, aka kewaye wurin da ƙaya. Muka matsar da komai kudu da mita talatin.

Burtali ya ci gabas, maƙabarta ta ci arewa, kwazazzabo yana yamma. Da na sake zana taswirar, hanyar tsere ta mita 400 ta ƙi shiga ko ta wace fuska. Wannan ya yi mini zafi, don ni ne na fi kowa son ta. Muka musanya ta da miƙaƙƙiyar hanya ta gudun mita 100 a gefen filin ƙwallo, da ramin yashi na tsalle, wanda hanyar gudunsa mita 40 ta isa. Ƙasar da ta haifi Françoise Mbango, mai zinariyar tsallen taku uku a gasar Olamfik ta 2004 da ta 2008, bai kamata a yi filin wasa a cikinta ba ramin yashi ba.

Hajiya ma ta gyara mana zane. Ni na ajiye filin ƙwallon hannu da na raga can ƙarshe, inda wuri ya rage. Ta duba ta ce, "Malam, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta je bayan filin samari, wurin da ba a hango ta daga gida?" Ta sa aka dawo da su kusurwar da ta fi kusa da gidaje, da ƙofarsu daban da bayinsu daban. Ta kuma sa muka taka hanyar tare da ita da yamma, agogo a hannu, don ta tabbatar yarinya za ta iya tashi daga wasa ta isa gida kafin kiran magariba.

Maganar ciyawa lissafi ne ya kashe ta. Filin 105 a 68 murabba'in mita 7,140 ne. Da bazara ciyawa na buƙatar kamar milimita shida na ruwa kullum, milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya kuwa lita ɗaya ce. Lita 42,840 ke nan a rana, jarka mai lita ashirin sama da 2,100. Famfon hannu da ƙyar yake ba da lita dubu a awa. Unguwar da mata ke layi a bakin famfo tun asuba ba za ta shayar da ciyawa haka ba. Muka tsaya a kan daɓaɓɓiyar ƙasa da aka tace tsakuwarta aka haɗa da yashi. Rijiyar burtsatse ɗaya za a haƙa ta gefen tudu don sha da alwala da ban ruwan itatuwa, bayi kuma a can gangare, nesa da ita da fiye da mita talatin.

Saura takarda. Mutane da yawa a nan suna ɗauka in Jauro ya nuna maka wuri, ko Lamiɗo ya sa albarka, magana ta ƙare. Albarkarsu wajibi ce, ba wanda zai zauna lafiya a fili ba tare da ita ba, amma tun dokar ƙasa ta 6 ga Yulin 1974, duk filin da ba shi da takardar mallaka, wadda muke kira titir fonsiye, yana cikin ƙasar da gwamnati ke riƙe wa al'umma. Wurin da ba a gina ba kuma ba a noma ba, irin namu, ba a ba da takardar mallakarsa kai tsaye. Dokar 27 ga Afrilun 1976 ta ce sai an fara da izinin wucin gadi wanda bai wuce shekara biyar ba, a ga ka yi aikin da ka ce za ka yi, sannan a tabbatar maka. In bai kai hekta 50 ba, ministan filaye ne ke sa hannu. Kafin nan kwamitin da sufurufe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumarmu, ke shugabanta, wanda Jauro da dattawa biyu na wurin ke ciki, sai ya zo ya taka filin da ƙafarsa ya ji ko akwai mai ja. Da muka shigar da buƙata na haɗa da duk abin da muka tara: zanen ramuka, lambobin gangara, taswirar sawun ruwa, da takardar da Arɗo da jikokin masu kaburburan suka dangwala wa hannu. Mun kuma yi shawara tun farko cewa ba sunan mutum ɗaya daga cikinmu da zai hau takardar, ko Alhaji, ko ni. Mun ga yadda filin ƙuruciyarmu ya tafi. Alhaji da kansa ya fara kawo wannan maganar.

Ranar da kwamitin ya zo, tsohuwar nan tana wurin, Arɗo ma ya turo ƙaninsa. Aka tambaya sau uku ko akwai mai magana, ba wanda ya ɗaga hannu. Mai awon filaye ya kafa na'urarsa, samari suka riƙa bin sa da siminti da ruwa ana dasa duwatsun iyaka, guda shida.

Gireda ba ta zo ba tukuna, muna kan tara kuɗinta. Amma mun yi gayya Lahadi uku mun sare ƙaya, mun fasa suri, mun tona lambatun gabas da hannu, kuma ya riƙe ruwan daminar da ta biyo baya, sai wuri ɗaya da ya ɓalle muka toshe da duwatsu. Yara sun kafa raga da itacen dogonyaro, suna wasa a gangaren haka nan, ana sauya gefe a rabin lokaci don kowa ya ɗanɗani hawan. Mun dasa dogonyaro arba'in a gefen yamma da kewayen maƙabartar, kowanne da kejin ƙaya saboda awaki. Bakwai sun mutu a bazarar farko, mun sake dasa su. Ban ruwa gida-gida aka raba, ni ranar Alhamis ce tawa, jarka takwas a amalanke bayan sallar la'asar.